Neman agaji kafin ƙarfe takwas: KYC da "money laundering" da Hausa

'Yar Rediyo, Nima: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ina da shiri yau ƙarfe takwas na dare, ga shi na maƙale. Labarin tsibirin Moris ne, can tekun Indiya gabas da Madagaska. Mutanensa miliyan ɗaya ne da ɗoriya, amma kamfanonin waje masu zuba jari a Indiya da Afirka sun cika rajista a can. A Fabrairun 2020 FATF, ƙungiyar duniya mai yaƙi da kuɗin haram, ta sa shi a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan kuɗin haram, ya fita a Oktoban 2021. Mu ma Gana mun shiga jerin a 2018, muka fita a Yunin 2021, shi ya sa nake son haɗa labaran biyu. Hausar kalmomi biyu nake nema: KYC, wato "know your customer" da bankuna ke yi, da "money laundering". Kada wani ya ce in faɗa da Turanci, kakata tana saurare.

Alhajin Tudu: KYC ai "san kwastomanka" ne, an gama. Mu 'yan canji muna yi tun kafin Bature ya raɗa masa suna.

Ticha, Mamobi: Alhaji, sani daban, tantancewa daban. Kana iya sanin mutum shekara ashirin, kuna sahu ɗaya a masallaci, banki bai san wannan ba. Abin da ake nufi shi ne a karɓi katinsa, a gwada da fuskarsa, a rubuta inda yake kwana da sana'arsa da inda kuɗinsa ke fitowa. Ni dai "tantance abokin hulɗa".

Hajiya Mai Atamfa: Ku kira shi titsiye ku huta. Tun Yulin 2022 da Babban Banki ya ce sai katin Gana, wato katin ɗan ƙasa, ban ƙara shiga banki na fito da wuri ba. Rannan na kai cinikin atamfa, yarinyar da ni na yi wa uwarta wankan jego ta ce in ɗora yatsa a na'ura. Na sha lallen biki, yatsa ya ƙi hawa. Sau biyar tana goge mini shi da auduga. Da ya hau kuma sai ta ce, "Hajiya, ina kika samo kuɗin?" A gaban mutane!

'Yar Rediyo: Sannu Hajiya. Na ɗauki na Ticha. Saura ɗayar. Gidajen rediyon waje suna cewa "halatta kuɗin haram".

Malam na Sabon Zango: A'uzubillahi. 'Yata, kada wannan ta fito daga bakinki. Wa ya isa ya halatta abin da Allah Ya haramta? Kuɗin sata ko ya zaga tsibiri goma haram ne. In kika ce an halatta shi, yaro ya ji, ya ɗauka akwai hanya. Ni na daɗe da tawa: "rinin kuɗi". Tsohuwar riga ce aka kai marina, ta fito baƙa wul tana sheƙi, amma yagar tana nan a hammata. Gajeriya ce kuma, tana ba da marinin kuɗi, rinannen kuɗi, har marina, wato irin tsibirin da kike magana.

Alhajin Tudu: Allah gafarta Malam, a kasuwa ba za ta yi ba. Ka ce rini ko wanki, kowa a Tudu zai tuna 'yan damfarar nan masu kawo baƙar takarda a akwati su ce dala ce, sai an sayi maganin wankewa. Hajiya ma ya san su.

Baƙo daga Kano: "Hajiya TA san su", Alhaji. Ku fara gyara wannan kafin ku ƙirƙiro mana kalma. "Halatta kuɗin haram" ta zauna a jaridu da rediyo, miliyoyi sun gane ta. Ba daga Ankara ta Gana za a sauya ta ba.

Hajiya Mai Atamfa: To fa! Ɗana, Alhaji ya kira ni "ya" shekara talatin, ban fito da gemu ba.

Ticha: Baƙo, a yi a hankali. Hausa ba ta zo ƙasar nan jiya ba. Fataken goro sun kawo ta Salaga tun kafin a haifi kakanka. Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi ta rubuta waƙoƙin Hausa a nan har ya rasu a 1934.

Baƙo daga Kano: A Kano aka haife shi, Ticha.

Ticha: A nan aka binne shi.

Malam na Sabon Zango: Ku bar kabari, ku dubi rinin kuɗi. Har yanzu ba wanda ya kawo mini aibinta a nahawu.

'Yar Rediyo: Jama'a, ƙarfe shida ta wuce.

Ticha: To, mu koma ga aikin kansa. Matakinsa uku ne: a shigar da kuɗin banki ko wata sana'a, a yi ta juya shi daga asusu zuwa asusu da kamfani zuwa kamfani har a rasa asalinsa, sannan ya dawo a matsayin riba ko kuɗin gida. Zuciyar abin ita ce ta tsakiya. Bahaushe yana da ita tun tuni: ɓad da sawu. "Ɓad da sawun kuɗin haram". Ba mu halatta komai ba, ba mu shiga marina ba.

Baƙo daga Kano: Ta yi tsawo, kuma mataki ɗaya ta ɗauka cikin uku. Amma Hausa ce, ban musa ba.

Alhajin Tudu: Kakarki za ta gane. Sa ta.

'Yar Rediyo: Ga yadda zan yi. KYC, tantance abokin hulɗa. Ɗayar, ɓad da sawun kuɗin haram, amma a farko zan ce sau ɗaya "abin da wasu ke kira halatta kuɗin haram", don masu jin rediyon waje su haɗa. Malam, a yi mini afuwa.

Malam na Sabon Zango: In za ki faɗa, ki ce "wai". Ni kuwa a karatun asuba rini zan ci gaba da cewa.

'Yar Rediyo: Wata ta taso. Cikin abin da aka nemi Moris ya gyara har da sanin mutumin da ke bayan kamfani, ba wanda sunansa ke takarda ba. Me zan kira shi?

Alhajin Tudu: Uban dukiya.

Malam na Sabon Zango: Mai marina.

'Yar Rediyo: Mota ta zo. Zan ce "ainihin mai shi", gobe ku ci gaba.