Muhawara: "Turawa sun samu magani, mu ana dandaƙe mu"

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Yau raina ɓace yake. Wata huɗu ke nan Baba na fama da fitsari, sai ya yi ta nishi kafin ɗigo ya fito, daga baya ƙugu ya riƙe har sallah sai zaune. Munka kai shi wani asibiti, anka sa mai roba, anka ɗebi jini, anka tsakuro nama, anka yi hoto. Sakamako ya fito, wai sankarar mafitsara ce, kuma ta kai ga ƙashi. Jiya likita ya zaunar da mu ya ce zaɓi biyu ne: ko allura duk wata uku har iyakar rai, ko a yi mai aiki a cire 'ya'yan maraina duka biyu. Dattijo mai shekara 71, mai mata biyu da jikoki! Alhali ni da idona na karanta cewa tun 2022 Amurka ta amince da wani sabon magani, Pluvicto, wanda ke bin jini shina farautar ciwon har cikin ƙashi. Turawa sun samu magani suna warkewa, mu talakawa ana dandaƙe mu awa awaki. Takardar sa hannu na wurina, Litinin za mu koma. Ku faɗa min gaskiya.

Mai Kemis: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ƙanena, janye kalmar nan ta dandaƙa. Ba wanda ake dandaƙewa a asibiti. Tiyata ce, da allurar kashe zafi da komai.

Ɗan Mabera: Yaya, in an cire an cire. Ko da turare anka yi aikin, sunanshi bai sake ba.

Ɗan Kara: Ku dakata, nan hurumina ne, shekara ashirin ina cikin bisashe. Dandaƙa daban, fiɗiya daban. Dandaƙa ita ce a ɗora jijiyar bisa icce a bubbuge ta har ta mutu, ba wuƙa ba jini. In anka tsaga anka fitar, wannan fiɗiya ce. Don haka Ɗan Mabera, in za ka yi hushi, yi hushi da kalmar da ta dace.

Bakano: Mu dai a wajenmu duk dandaƙa muke cewa, kowa ya gane. Ku Sakkwatawa komai sai kun raba shi gida biyu.

Ɗan Kara: Kai da ka zo cin rani ka zauna, yanzu kai za ka koya muna Hausa? Bunsurun da anka fiɗiye mi sunanshi?

Bakano: Taure mana. Wanda aka dandaƙe fa?

Ɗan Kara: Shi ma taure.

Bakano: To ka gani. Ina bambancin?

Sista ta Arkilla: Allah ya ƙara sauƙi. Ɗan Mabera, ban ga takardun Baba ba, saboda haka ba zan yanke maka hukunci ba, amma daga yadda ka ba da labari, ba mafitsara ba ce. Furostet ce, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Gidajen rediyo ne suka saba mana da cewa "sankarar mafitsara", kuma a nan Sakkwato wannan ruɗani na da illa, domin sankarar mafitsara ta ainihi muna ganin ta sosai, galibi ga waɗanda suka yi tsargiya suna yara wajen wanka a gulbi da fadamu. Ita ba a cire mata maraina. Ita kuwa ta furostet, abincinta sinadarin mazakuta ne, testostiron, wanda maraina ke samarwa. In aka yanke mata shi sai ta yamutse, ciwon ƙashi ya lafa, sau da yawa fitsari ma ya sake. Wani likita a Shikago, Charles Huggins, shi ya nuna haka a 1941, har aka ba shi lambar Nobel a 1966. Allurar wata uku da aka faɗa maka aikinsu ɗaya da tiyatar, kuma su kansu likitocin Turai dandaƙa ta magani suke kiran ta a littattafansu. Bature ma ita ake yi masa.

Mai Kemis: Haba Sista, ina ƙoƙarin raba yaron nan da kalmar, ke kuma kin dawo da ita da hatimin asibiti.

Ɗan Kara: A'a, nan kam ta yi daidai ba ta sani ba. Allura ba ta yanka, kashewa take yi a bar abu inda yake. Ita ce dandaƙa. Tiyatar ce fiɗiya. Bakano, ka ji amfanin raba kalma.

Na Wurno: Ni abin da ad dame ni daban. Ya za a yi mace ta zauna cikin maza tana ambaton maraina sau biyu cikin saƙo guda? Ina kunya ta tahi?

Sista ta Arkilla: Alhaji, da hannuna nake sauya wa sa'o'in mahaifinka robar fitsari. Kunyar nan ce ke sa dattijo ya ɓoye shekara biyu, sai ƙafa ta mutu a kawo shi a kwance.

Na Wurno: Kar ki sa mahaifina cikin magana.

Sista ta Arkilla: Sa'o'insa na ce. A gafarce ni.

Ustaz: Bismillah. Kafin a yi nisa, mas'alar tana da hukunci. Ya tabbata cikin Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Usman bin Maz'un ƙaurace wa aure, Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya ce da an yi masa izini da sun dandaƙe kansu. Malamai sun kafa hujja da wannan kan haramcin dandaƙar ɗan Adam. A yi hattara.

Malamin Zaure: Allah gafarta Malam, wancan mai lafiya ne da ke son ya kashe sha'awarsa don ibada. Wannan majinyaci ne. Larura tana halatta abin da aka hana, ko ƙafa ake yankewa in ta ruɓe. Ƙaramin ɗalibi ya san wannan ƙa'ida.

Ustaz: Wa kake kira ƙaramin ɗalibi? Ba larura in akwai madadi, ga allura an ambata.

Malamin Zaure: Allurar da yanzu aka ce ita ce dandaƙar? To ka haramta ta ita ma mu gani.

Ustaz: Ni ba a gaban mai tauren Kara na yi karatu ba.

Ɗan Kara: Ni mi na yi maka? Ragon layyarka na bara wa ya zaɓa maka?

Sista ta Arkilla: Don Allah ku bari in amsa abin da ya tambaya. Pluvicto gaskiya ne, akwai shi. Sinadarin lutetiyom ne mai fitar da tururin nukiliya, an ɗaure shi da wani abu da ke manne wa ƙwayoyin sankarar duk inda suka ɓuya. Amma binciken da ya sa aka amince da shi, mai suna VISION, wanda ya fito a 2021, an yi shi ne kan maza 831 da ciwonsu ya riga ya bijire wa allura da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗurawa ta jijiya. Waɗanda aka ba sabon maganin, tsakatsakin rayuwarsu wata 15.3 ne, waɗanda ba a ba ba wata 11.3. Wata huɗu ke nan. Ga mai jinya wata huɗu ba wasa ba ne, amma ba warkewa ba ce. Kuma dukansu an riga an yanke musu sinadarin mazakuta, da allura ko da tiyata, kuma ba a daina ba. Sabon maganin a kan tsohon ake ɗora shi. Ga shi sai an yi wani hoto na musamman kafin a san ko zai kama mutum, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin ƙasa da mako guda, ba abin ajiyewa a kanta ba ne.

Abin da ya fi kusa da Baba wani ne daban. Wani babban bincike na Birtaniya, STAMPEDE, ya nuna a 2017 cewa in aka haɗa ƙwayar abirateron da allurar tun daga farko, maimakon a jira ciwo ya bijire, haɗarin mutuwa na raguwa da kusan kashi 37 cikin 100. A 2015 ma sun nuna amfanin fara kemo na dosetaksil da wuri. Abirateron yanzu akwai na kamfanonin Indiya. Wannan ya kamata ka tambayi likita ran Litinin: bayan allura ko aiki, mene za a ƙara?

Mai Kemis: Akwai ta, ina kawo wa mutane, ana haɗa ta da firednisolon. Amma ba araha, kuma kullum ake sha. Allurar ma, Zoladex, na ga gidaje da suka fara da ƙarfi, zuwa ta uku gona ta tafi, suka daina. Shi ya sa likitoci ke kawo zancen aiki: sau ɗaya ne an gama.

Na Wurno: Kun ji ko? Mai Kemis ya fara talla. Kawuna ya yi irin wanga ciwo, fitsari ya tsaya cik. Sassaƙe anka jiƙa mai, yau shekara shida shina noma.

Mai Kemis: An tsakuri namansa an auna?

Na Wurno: Mi za a auna, mutum ya warke?

Mai Kemis: To wataƙila kumburin tsufa ne, wanda yawancin dattawa ke yi, ba sankara ba. Shi aka yi wa Sarki Charles na Ingila aikinsa a farkon 2024. Alamunsu kan yi kama, gwajin jini na PSA da awon nama ke raba su.

Na Wurno: Duk wanda ya warke a gida ku ce ba ita ba ce, wanda ya mutu a asibiti ku ce ya makara. Ba ku taɓa faɗuwa jarrabawa.

Ɗan Bodinga: Ni tambaya gare ni. Tunda cire su za a yi, ashe ciwon a marainan yake?

Sista ta Arkilla: A'a. Sankarar maraina ciwo ne daban, na samari ne, galibi daga shekara 15 zuwa 35. Ƙullutu ne mai tauri a ɗaya, sau da yawa ba zafi. Ita ɗayan da ya kamu kaɗai ake cirewa, ɗayan ya ci gaba da aiki, ana haihuwa. Kuma ita ce za ka iya cewa an samu maganinta bakinka cike. A 1974 wani likita a Indiyana, Lawrence Einhorn, ya fara gwada maganin kemo na sisfilatin a kanta, ciwon da ke kashe mafi yawan waɗanda ya bazu a jikinsu ya koma abin warkewa. Yau fiye da tara cikin goma na tashi inda ake da kayan aiki. Binciken yanzu ma ya koma kan yadda za a rage magani ne: wasu bayan aiki sa ido kawai ake yi, wasu kemo sau ɗaya, kuma ana gwada wani sabon awon jini da zai gano ko saura ya rage.

Bakano: Ita Lance Armstrong ya yi a 1996, ta kai masa huhu da ƙwaƙwalwa, ya warke ya ci tseren keken Faransa sau bakwai.

Ɗan Bodinga: Wanda aka ƙwace kofunan a 2012 saboda shan ƙwaya? Ka rasa shaida sai maƙaryaci?

Bakano: Kofi aka ƙwace, ba a mayar masa da ciwon ba.

Ɗan Kara: Shi dai fiɗiya anka yi mai, rabi. A rubuta.

Bakano: Wallahi mutumin nan ko a kabari aka tambaye shi, fiɗiya zai ce.

Admin: Jama'a dare ya yi, zan rufe. Taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu ya kawo kuka kan jinyar mahaifinsa, Allah ya ba shi lafiya. Bayan doguwar tattaunawa an tabbatar, da hujja daga masu sana'a, cewa fiɗiya da dandaƙa ba ɗaya ba ne, kamar yadda muka gada a nan, kuma baƙonmu na Kano bai iya kawo komai ba sai barkwanci. Ustaz ya kawo hadisi ingantacce, an yi ƙoƙarin kewaye shi. Sista ta kawo alƙaluma masu yawa, wanda ke da lokaci ya hau sama ya karanta, amma ita da bakinta ta yarda maganin Turawan wata huɗu kawai yake ƙarawa. Kawun Alhaji kuwa shekara shida, ba wanda ya ƙaryata. A kiyaye harshe gaba.

Malamin Zaure: Ina maganar larura a taƙaitawar?

Mai Kemis: Ni na ƙaryata, ka share ne.

Ɗan Mabera: Yanzu na dawo daga wurin Baba, na iske saƙo sun fi ɗari. Sista, rubuta min sunan ƙwayar can da manyan baƙi in nuna wa likita. Takardar dai har yanzu tana aljihuna, kuma shi Baba ba wanda ya gaya mai mi ke cikinta.