Mu 14 za mu haɗu a Ingila cikin Afrilu: gida guda ko otal?

Maman Fadila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Ƙaninmu zai yi aure a Bamingham cikin Afrilu, daidai hutun Ista na 'yan makaranta, sai dangi suka ce a haɗa har da ziyara. Kwana 9 za a yi, biki a tsakiya, sannan a leƙa 'yan uwa a Landan da Manchesta. Mu 14 ne: Baba da Hajiya, manya 6, yara 5 daga shekara 4 zuwa 13, sai jariri ɗan wata 8. Hajiya ba ta hawa bene. Matar yayanmu kuma za ta kai mako 29 da juna biyu a lokacin. Biza ta fito wa kowa, tikiti an yanka. Masauki ne ya rage: gida mai ɗaki 6 da banɗaki 2 a bayan gari, ko ɗaki 5 a otal kusa da wurin biki. Mai gidan yana son rabin kuɗi kafin Juma'a, kuma ba ya mayarwa. Wanne za mu ɗauka?

Malam Ejan:
Wa alaikumus salam. Ki fara da tikiti. Shafukan yawancin jirage ba sa karɓar fiye da mutum 9 a yanka ɗaya, daga 10 zuwa sama sai sashen tafiyar ayari. Can za ku ba da kafin alƙalami, a riƙe muku kujeru, sunaye su biyo baya. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abban Sadiq:
Malam, ta ce an riga an yanka. Kuma ba gaskiya ba ne a ce na ayari ya fi araha. Sau da yawa ya fi tsada, don farashin tsakiya suke ba kowa. Wanda ya raba mutanensa huɗu-huɗu yakan kwashi kujeru masu araha kafin su ƙare.

Malam Ejan:
Na ce ya fi sauƙi, ban ce ya fi araha ba. Ko an yanka ma akwai sauran aiki. Keken da za a tura Hajiya a filin jirgi a nema shi aƙalla awa 48 kafin tashi, a tabbatar an rubuta shi a tafiya da dawowa, har da inda za a canza jirgi. Gadon jariri na cikin jirgi ba ya zuwa da tikiti, roƙonsa ake yi, kuma kujerun da ake maƙala shi kaɗan ne. Mai juna biyu kuma, yawancin jirage daga mako 28 suna neman takardar likita mai nuna ranar haihuwa da cewa lafiya lau, su daina ɗauka wajen mako 36. Ku duba ranar dawowa, ba ranar tafiya kaɗai ba, don za ta shiga mako na 31 ko kusa.

Anti Nas:
Wannan maganar ta mai ciki ita ce ta fi gida da otal muhimmanci. Baƙo a Ingila ana duba shi kyauta a sashen gaggawa, amma da an kwantar da shi kuɗi ya fara hawa, kuma ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na ainihin kuɗin aikin. Haihuwa tana ciki. Ku karanta inshorarta layi-layi, wasu suna tsayawa a wani mako na ciki, wasu suna rufe uwa su bar jaririn da aka haifa bakwaini. Magungunan Baba da Hajiya su zauna a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, da takardar likita, musamman in akwai mai ƙarfi irin tiramadol. A ƙara na kwana 5 bisa lissafi. Lambar gaggawa 999, ta neman shawarar lafiya 111.

Sai sanyi. Kada kalmar bazara da ake kiran wannan lokacin da ita ta ruɗe ku, Afrilu can rana takan fito da kyau, amma dare yana sauka wajen digiri 5 ko 6, ga yayyafi ba sallama. Kuma lokacin ƙurar furen bishiyoyi ne, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Duk yaro mai asma ya zo da abin shaƙarsa guda biyu.

Kawu Direba:
'Yata, kin ce bayan gari. To lissafin mota ya shigo. Lasisin mota na yau da kullum iyakarsa fasinja 8 bayan direba, baƙo mai lasisin waje ma a nan ya tsaya, don haka bas mai kujera 15 ba taku ba ce sai da direbanta. Za ki ce mota biyu masu kujera 7 sun yi daidai 14. Sun yi, amma da an ɗaga layin kujerun baya wurin zuba kaya ya mutu, akwati biyu ƙanana ba sa shiga, balle keken Hajiya da na jariri. Ko mota uku, ko mai kujera 9 da mai 7.

Kujerar yara doka ce har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya riga. Tara tana kaiwa fam 500, kuma direba ake kamawa. Ki auna yaran nan biyar da tef tun yanzu. Jaririn kujerarsa baya take kallo, ba a sa ta a gaba in jakar iskar da ke buɗewa lokacin hatsari tana aiki. In wani ɗan uwa ya ce zai ara muku tsohuwar motarsa ta dizal, ku saka lambarta a shafin gwamnati tukuna: tsakiyar Bamingham fam 8 ne a rana ga motar da ba ta cika sharaɗin hayaƙi ba, Landan fam 12.50. Ba mai tsayar da ku, kyamara ce, wasiƙa ce za ta zo daga baya.

Ɗan Auta:
Ni tambayata ɗaya: a gidan nan mai ɗaki 6, wa zai kwana kusa da kawun da ke minshari? Kowane dangi yana da shi. A otal aƙalla akwai bango mai kauri.

Gwaggon Yara:
Ku bar wasa. Maman Fadila, kada ki sa hannu a gidan nan sai kin ji abin da ya sami wasu bayin Allah da na sani, su ma biki ya tara su a irin wannan lokaci. Babbar yayarsu ce ta biya da katinta, aka rubuta mutum 12. Da aka iso sai ga ƙarin uku da ba su ce za su zo ba, aka shimfiɗa musu a falo. Ƙofar gidan akwai ƙararrawa mai kyamara, mai gida yana ƙirga kowa daga wayarsa. Ranar farko ya aiko saƙo, aka ba shi haƙuri.

Rana ta uku silin ɗin kicin ya fara ɗiga. Banɗakin sama ba shi da magudana a ƙasa, daɓen katako ne aka rufe da leda, yara suna wanka labule a waje, manya suna zubar da ruwa a ƙasa suna zaton zai wuce. Ruwa ya bi ta gefen baho ya sauka, fenti ya kumbura kamar ƙullin leda, fitila ta ɗauke. Washegarin biki kuma dangin da ke gari suka zo gaisuwa, mota bakwai a layin da ba ya ɗaukar uku, aka toshe ƙofar maƙwabci. Ƙarfe goma na dare ana hira a lambu. Maƙwabci ya kira mai gida, shi kuma ya kawo sharaɗin da aka sa wa hannu: ba taro, ba baƙi fiye da adadi. Ya ce su fita da safe. Tsofaffi biyu da akwatuna a bakin titi, cikin makon Ista da otal ya cika. Kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna ya tafi, sauran kwana huɗu ba a mayar ba, ga takardar gyaran silin. Duk a kan katin mace ɗaya. Har yau cikin ƙannenta biyu ne suka biya rabonsu, wani cewa ya yi ai shi bai yi wanka a sama ba. Yanzu gaisuwa ma da ƙyar.

Abban Sadiq:
Allah ya kyauta. Amma Gwaggo, wannan laifin mutane ne, ba na gida ba. Gida yana zuwa kusan rabin kuɗin ɗaki 5 na otal, ga kicin, ga injin wanki. Mutum 14 su ci a waje sau uku a rana har kwana 9, wa zai iya?

Malam Ejan:
Rabi a ina? Ka haɗa kuɗin shara, da na shafin da aka yi hayar, da na ajiya, da mota ta uku da man da za ta sha. Makon Ista gidaje manya ne suke fara tashi. In ka tara, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, wani lokaci otal ne ma ƙasa, tunda akwai masu barin yara biyu su kwana ɗakin iyaye ba ƙari.

Abban Sadiq:
Kai dai kana da kamasho a otal, shi ya sa.

Malam Ejan:
Subhanallah. Ban ambaci sunan otal ko ɗaya ba. Wanda aikinsa ke nan kullum da wanda yake tafiya sau ɗaya a shekara ba ɗaya ba ne.

Kawu Direba:
Ku duka biyun daga kwamfuta kuke magana. A tambayi wanda ke kan titin. Juma'ar Ista da Litinin ɗinta hutu ne na ƙasa, manyan hanyoyi cushe suke, Bamingham zuwa Landan da ake yi cikin awa biyu da rabi sai ta ci huɗu. Kuma a wannan ƙarshen makon ake yawan rufe layin dogo don gyara, a zuba mutane a bas. Ziyarar Landan da Manchesta a sa su tsakiyar mako. In jirgin ƙasa za ku bi, katin Family & Friends Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya, kashi 60 cikin 100 ga yara, amma kati ɗaya manya 4 da yara 4 yake ɗauka, ku biyu kuke buƙata. 'Yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Lahadin Ista kuma manyan kantuna a rufe suke gaba ɗaya, a sayi madarar jariri da kunzugu tun Asabar.

Maman Fadila:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma har yanzu ba a ce mini gida ko otal ba. Gidan yana da ɗaki ɗaya a ƙasa.

Anti Nas:
Ɗaki a ƙasa bai wadatar ba, Yaya. Ki tambaye shi a rubuce: banɗakin ƙasa na wanka ne ko na bayan gida kawai? Yawanci na ƙasan masai ne da wurin wanke hannu, wanka sai sama, kin ga Hajiya ta shiga uku. In akwai, baho ne da ake ɗaga ƙafa a shiga ko shawa ce a daɓe? Matakala nawa ne a ƙofar shiga? Sannan ruwan zafi: in na tanki ne, mutum huɗu ko biyar suka yi wanka ya ƙare, sai a jira ya sake zafi. Banɗaki 2 ga mutum 14 ranar biki, ko kowa minti 15 ya ɗauka, ban da jariri, kin haura awa ɗaya da rabi, ba a sa kwalliya ba. Ki kuma tambaya ko jariri yana cikin ƙidaya, da baƙi nawa aka yarda su shigo da rana. Shiga gida sai ƙarfe uku ko huɗu na yamma, fita ƙarfe goma na safe. In jirginku na asuba ne, ina za a ajiye tsofaffi kafin nan?

Da ni ce, a raba: Baba, Hajiya da mai ciki a otal mai lif kusa da wurin biki, sauran a ƙaramin gida.

Gwaggon Yara:
Hajiya ba za ta yarda a raba ta da jikoki ba, kowa ya san wannan. Kuma duk ba ku taɓo inda gizo ke saƙa ba. Kicin ɗin da Abban Sadiq yake yabo, wa zai shiga? Mata uku ne, ɗaya da tsohon ciki, ɗaya da goyo. Saura Maman Fadila. Kwana 9 tana girkin mutum 14, tana wanke-wanke, tana ware shara kala-kala don kada a ƙi kwashewa, maza suna falo suna cewa gida ya fi araha. Arahar a bayan wa take?

Ɗan Auta:
Gwaggo ta fasa ƙwai. A rubuta jadawali a liƙa a firji, sunan ango ma ya shiga.

Abban Sadiq:
Maza ma suna tuƙi da cefane, ba zaune suke ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne masu cewa "ku sa da ni" ba su turo ko sisi ba. Maman Fadila, kafin Juma'a kowane gida ya turo rabonsa, a lissafa bisa ɗaki, ba bisa kai ba, don kada mai yara huɗu ya ce an cuce shi. Kuɗin ajiya ma a raba tun yanzu. Wanda bai turo ba ranar Alhamis, a cire ɗakinsa.

Gwaggon Yara:
Bisa ɗaki? To mara aure da zai kwana a kujerar falo fa, kyauta zai zauna? Kuma wa zai iya ce wa babban wa "an cire ɗakinka"? Ƙanwa ce fa take haɗa tafiyar nan.

Maman Fadila:
Na tura wa mai gidan tambayoyin Anti Nas. Ya amsa cewa na ƙasan babu shawa, amma bai ce komai kan baƙi ba. Maganar kuɗi kuma, gida ɗaya ne ya turo zuwa yanzu, yayanmu ya ce in fara biya za mu daidaita in an haɗu.

Gwaggon Yara:
Kalmar da aka faɗa wa waccan baiwar Allah ke nan, harafi da harafi. Kada ki taɓa katinki. Ki kira Baba yau, shi ya yi wa yayan naku magana.

Malam Ejan:
Kafin nan ki duba ko otal ɗin yana da ɗakin da ake sokewa kyauta, ki riƙe biyar ɗin yau. Nawa suka ce miki a ɗakin iyali, kuma da karin safe ko babu?