Sawu ko linzami: wace hanya ce ta ƙwararru wajen zana lanƙwasa a manhajojin zane na kwamfuta (CAD)?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Ina da wata magana da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, amma na daɗe ina riƙe da ita. Duk wanda ke zana sifilayin, wato layi mai lanƙwasa sumul, ta hanyar dasa ɗigogi ya ce wa layi ya bi ta kansu, to bai fara koyon ƙera fuskar jikin abu ba tukuna. Kusan kowace manhaja hanya biyu take bayarwa. A AutoCAD umarnin SPLINE yana tambayarka Fit ko CV, a Rhino kuma akwai InterpCrv da Curve. Ta farko ni ɗigon sawu nake ce mata, domin dole layin ya taka kowane ɗigo. Ta biyu ɗigon linzami, ɗigogin suna can gefe suna jan layin, ba ya taɓa su sai na farko da na ƙarshe. Kwanan nan wani matashi ya kawo mini zanen mariƙin wata na'ura, layi guda ɗigon sawu 40. A ido sumul yake. Da na kunna matajin da ke nuna ƙarfin lanƙwasa, sai ga haƙoransa suna hawa suna sauka kamar gargada. Na sake zana shi da ɗigon linzami 6, matajin ya kwanta lafiya lau. Ni dai a ganina a daina koya wa ɗalibai hanyar sawu gaba ɗaya.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ban yarda ba ko kaɗan. Kai siffa kake ƙirƙira daga ranka, ni kuwa siffar an riga an ba ni ita. Idan aka miƙo mini teburin awon fiffiken jirgin sama, misali samfurin NACA 2412, lambobi ne a jere, kowane wuri da tsayinsa. Ba ni da ikon in ja layi da ido in ce ya yi kyau, iska ba ta duba kyau. Haka masu ƙera jikin jirgin ruwa, da teburin awo suke aiki. Ka ce duk waɗannan ba su iya ba? Kuma ka tuna ita kanta kalmar sifilayin daga hanyar sawu ta fito. Baba Lawal na nan, shi ya yi aiki da hannunsa, ya faɗa mana.

Baba Lawal: Gaskiyarki, 'yata. Kafin kwamfuta, sifilayin wani siririn katako ne ko roba mai tsawo da ake tanƙwarawa a kan teburin zane. Ana danne shi da wasu gumakan dalma masu ƙugiya a baki, Turawa suna ce musu agwagi saboda siffarsu. Inda ka ɗora agwagwa, nan katakon zai bi. To wannan sawu ne, babu musu. Sai dai akwai abin da aka koya mana wanda na ga yaran yanzu ba su sani ba. Bayan ka jera agwagin, sai ka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. In ka ɗaga ta amma katakon bai motsa ba, wannan agwagwar ba ta da aiki, a cire ta. In ka ɗaga ya yi tsalle da ƙarfi, to awon wannan wurin ne ke da matsala, sai a koma a duba lambar. Ba mu taɓa ɗaukar teburin awo kamar abin da ba ya kuskure ba. Katakon ma yana da bakin magana.

Aminu: Ranku ya daɗe, ni ɗalibi ne, a yi mini afuwa in tambayar ta yi ƙasa. Na zana layi da InterpCrv, da na kunna ɗigoginsa sai na ga ɗigon linzami ne suka fito, ba waɗanda na dasa ba. Ashe a ciki ba abu ɗaya ba ne?

Dakta Zainab: Tambayarka ce ma ta taɓa inda gizo ke saƙar, Aminu. A cikin fayil duka biyun NURBS ne, wato tsarin lissafin da ke bayyana layi da abubuwa huɗu: digiri (matakin lissafin), ɗigogin linzami, ƙulle-ƙulle (wuraren da gaɓoɓin layin, wato guntayensa, ke haɗuwa), da nauyin kowane ɗigo. Idan ka dasa ɗigon sawu, manhajar ce ke zama ta warware lissafi ta nemo maka ɗigogin linzamin da za su sa layin ya ratsa inda ka ce. A digiri 3, ɗigon sawu 40 galibi yana haifar da ɗigon linzami 42 da gaɓoɓi 39. Na Injiniya kuwa, ɗigo 6 in a digiri 5 ne, gaɓa ɗaya ce tal. Saboda haka abin da ya kwatanta ba sawu da linzami ba ne, gaɓa 39 ya kwatanta da gaɓa 1. Da ya zana da ɗigon linzami 42 da hannunsa, da matajinsa ma ya yi gargada. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in ɗan tsaya kan dalilin gargadar, domin mutane da yawa suna zaton layin karyewa yake yi a mahaɗar gaɓoɓi. Ba ya karyewa. Sifilayin mai digiri 3 da ya ratsa ɗigogi yana da haɗuwa har mataki na biyu a kowane ƙulli, wato ƙarfin lanƙwasarsa ba ya tsalle. Matsalar ita ce ƙarfin lanƙwasa yana kambama ƙaramin kuskure. In hannunka ko na'urar awonka ta kauce da ɗan abin da ido ba ya gani, tasirinsa a kan mataji yana ƙaruwa ne yayin da tazarar ɗigogin ke raguwa: ka rage tazarar zuwa rabi, gargadar ta ninka huɗu. Shi ya sa wanda ya ƙara ɗigogi don ya ƙara daidaito yake ƙara ɓata fuskar bai sani ba. Sannan ga zancen yadda ake raba ƙulle-ƙullen. AutoCAD yana ba da zaɓi uku, Chord da Square root da Uniform. In ɗigoginka wasu a cunkushe wasu a warwatse, ka zaɓi Uniform, layin zai iya yin tozo ko ma ya naɗe a inda ba ka zata ba. Yawancin masu kuka da hanyar sawu ba su taɓa buɗe wannan zaɓin ba.

Injiniya Bashir: Na ji, Dakta, kuma lissafinki daidai ne. Amma ba yawan ɗigo kaɗai ba ne. Ɗigon linzami yana da amana guda biyu da sawu ba shi da su. Layin ba ya fita daga kewayen da ɗigoginsa suka yi masa, kuma ba ya yin kwana fiye da yadda ragar ɗigogin ta yi. In na jera ɗigo shida suka yi baka mai kyau, na san layin baka zai yi tun ban duba mataji ba. Sannan in na taɓa ɗigo ɗaya a digiri 3, gaɓoɓi huɗu kawai ke motsi. Ki ja ɗigon sawu ɗaya ki gani, manhajar sake lissafin layin duka take yi, can nesa ma sai ya ɗan girgiza. Ba banza ba Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier a Renault bayansa, kowa da nasa binciken, suka ɓullo da hanyar jan layi daga gefe. Jikin mota suke so ya ɗauki haske ba tare da ya karye ba. Har gobe masu ƙera fatar mota a manhajar Alias ko ICEM Surf gaɓa ɗaya suke fi so. Kuma in kana son haɗa layi biyu da G2, wato haɗin da ƙarfin lanƙwasa ba ya tsalle a mahaɗa, a kowane ɓangare, ɗigo uku na farko ne ke riƙe da wuri da alkibla da ƙarfin lanƙwasa, uku na ƙarshe ma haka, shi ya sa digiri 5 mai ɗigo 6 ya zama abincin yau da kullum. Wanda ya saba da sawu kaɗai bai san wannan ba, sai ya kunna Zebra, gwajin da ke shimfiɗa zanen ratsi-ratsi a kan fuska, ya ga zanen ya karye a mahaɗa ya rasa abin da zai taɓa.

Malam Musa: Ni a bakin injin CNC nake, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, bari in kawo nawa kukan. Duk yadda kuka zana, mafi yawan lokaci manhajar da ke fitar da hanyar wuƙa tana sassara sifilayin ne zuwa ƙananan miƙaƙƙun layuka na G01, umarnin da ke sa inji ya yanka a miƙe. Akwai injinan da ke karɓar NURBS kai tsaye, kamar na Fanuc mai G06.2, amma ba kowa ke da shi ba. Abin da ke ba ni wahala shi ne ɗan kwanan nan da ba a gani. In lanƙwasar ta tsuke fiye da kaurin bangon da ake so, umarnin fitar da layi gefe ko rarake ciki sai ya ƙi, ko ya fito da fuska a naɗe. Na sha kwana kan irin wannan, kuma gaskiya akasari daga layin sawu mai ɗigogi barkatai yake zuwa. Sai roƙo na biyu, don Allah: in abu da'ira ne ko baka, a zana shi da umarnin da'ira, kada a bi shi da sifilayin. Baka yana fita da umarnin G02 ko G03 layi ɗaya. Kuma in an ce ku turo fayil ɗin zane na DXF a tsohon tsarin R12, ku sani wannan tsarin bai san sifilayin ba, gutsuttsura zai koma.

Aminu: To ai ni na ji ana cewa hanyoyin ƙera fuska ta jan raga, wato SubD da aka sa a Rhino 7, da T-Splines na cikin Fusion 360, sun kashe wannan gardamar.

Dakta Zainab: Ba su kashe ta ba, ɗan'uwa. SubD linzami ne zalla, raga kake ja. Tsarin Catmull da Clark na 1978 a inda ragar take huɗu-huɗu fuskar B-sifilayin mai digiri 3 yake bayarwa, a inda layuka uku ko biyar suka haɗu kuma santsin yana raguwa. Yana da daɗi wajen lalubo siffa. Teburin awon Malama Hadiza kuwa yana nan yana jira.

Malama Hadiza: Yauwa. Kuma ni ban ce a dasa ɗigo 200 na sikana a bi su ɗaya bayan ɗaya ba. In awon daga sikana ya fito, da ƙurarsa yake zuwa, sai in ratsa shi da farko don in ga abin da aka ba ni, sannan in yi amfani da umarnin Rebuild ko FitCrv na Rhino in rage ɗigogin, in auna nisan sabon layin da ɗigogin asali. Abin da Baba ya ce ke nan na ɗaga agwagwa. Amma matakin farkon sawu ne, Injiniya, kuma kai cewa ka yi a daina koyar da shi. Wanda bai taɓa ratsa ɗigogi ya ga yadda mataji ke tona asirin awo mara kyau ba, ta ina zai gane cewa lambar da aka ba shi ce ta kauce?

Ga wani abu kuma game da 2412 ɗin. Lambobin suna nufin ƙusumbin kashi 2 cikin 100, a wurin kashi 40 na tsawon fiffiken, da kaurin kashi 12. Layin tsakiyarsa guntaye biyu ne da suka haɗu a wannan kashi 40 ɗin, kuma ƙarfin lanƙwasarsu ba ɗaya ba ne a mahaɗar. Tsallen da za ka gani a mataji a nan ba kuskure ba ne, haka aka tsara shi tun shekarun 1930. Gaɓarka ɗaya za ta goge shi. Ga kuma hancin fiffiken, inda lanƙwasa ke tsukewa cikin ɗan ƙanƙanin wuri.

Injiniya Bashir: Zancen daina koyarwa na janye shi, na yi zafi da yawa. Amma har yanzu ina kan cewa a fara koya wa ɗalibi linzami, sawu ya biyo baya, domin wanda ya fara da sawu hannunsa yana sabawa da dasa ɗigo duk inda ya ga layi ya kauce. Batun fiffiken kuma, goge tsallen ba lallai ya zama asara ba in siffar ba ta fita daga iyakar da aka yarda ba. Nawa ce iyakarki?

Malama Hadiza: A fiffike mai tsawon milimita 300, kada ya kauce fiye da milimita 0.02 a ko'ina, har da hancin. Zan turo maka teburin.

Injiniya Bashir: Turo, Malama. Zan raba shi biyu, sama da ƙasa, kowanne gaɓa ɗaya mai digiri 7, ɗigo takwas-takwas, in tsayar da ɗigo na biyu a miƙe saman hancin don ɓangarorin su haɗu ba kusurwa. In ya shiga 0.02 zan kawo hoton matajin da na awon. In bai shiga ba zan faɗi inda ya kauce da nawa ya kauce, in ƙara ƙulli a kashi 40 ɗin mu sake aunawa.

Baba Lawal: Ka fara duba hancin, Bashir. A kan tebur ma nan ne katako ke ƙin tanƙwaruwa, sai mun canza zuwa mafi siriri.