Sabon shiga ABU ne ni, dan Allah ya kuka yi da ajin farko?

Ɗan Malumfashi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga jami'a. Bana Allah ya bani ABU Zariya, ɓangaren kimiyya a Samaru, an gama rijista har an fara lakca amma wallahi kaina ya ɗaure. A sakandare ba na wuce na ɗaya ko na biyu, malam zai rubuta a allo mu kwafa mu haddace shikenan, nan kuwa bayani ake yi da turanci kuma kafin in rubuta layi ɗaya an wuce uku. Ga kuɗin wata da Baba ya bani wata bai raba ba sun kusa ƙarewa, ni ban ma san me na saya ba. Ban san kowa ba sai ɗan ɗakinmu. Wasu kuma suna ce min in kwantar da hankalina wai ajin farko ba a bakin komai yake ba, sai aji biyu ake fara karatu na gaske. Haka ne?

Injiniya Mai Jiran Gado:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wanda ya ce maka ajin farko ba komai bane ka tambaye shi CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makin da ya tara a jami'a, tukuna kafin ka ɗauki shawararsa. Bari in maka lissafin yadda abin yake tunda ba kowa ke zama ya yi wa sabbin shiga bayani ba. Kowane kos yana da yunit, kowane giredi yana da maki: A daga 70 zuwa sama maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, haka har F da ba ta da ko ɗaya. Ana ninka yunit da maki, a tara na duka kwasa-kwasan a raba da jimillar yunit. To kos mai yunit 3 in ka ci A ka samu 15, in C ce 9, in ka faɗi sifili kuma yunit ɗin nan suna cikin abin da za a raba dasu, ga kariyoba, wato maimaita kos ɗin, tana jiranka baɗi kana zama da ƙannenka.

Abin da mutane basa ganewa shine wannan lissafin tarawa ake yi har ka fita, ba a sharewa a sake sabo. Kuma darussan ajin farko kusan rabinsu abin da ka yi ne a SS3 aka ɗan faɗaɗa, babu shekarar da A take arha kamar wannan. CGPA 4.50 ake nema a fas kilas, wato digiri mafi daraja, 3.50 a tu-wan mai bi masa, wanda ya fara da 2 da 'yan kai sai ya yi shekaru yana ja da ƙyar. Kar kuma ka raina GENS, kwasa-kwasan gama-gari da kowa ke yi, don ba na dipatmen ɗinku bane, da yawa nan suke zubar da maki a banza. Tes da asaimen kar ka bari ko ɗaya ya wuce ka, su ne suke ɗaga mutum ranar da jarabawa ta zo da gardama.

Maman Hanifa:
Ɗana maganar kuɗi zan maka, ni na gama tuntuni amma abin bai canza ba. Sayen abinci safe rana dare shi ke cinye ka, ba aljanu bane. In za ka dawo daga gida ka taho da garin kwaki, ƙuli, yaji, manja, shinkafa da wake, abin miya ka shiga kasuwar Samaru ka saya, ku haɗa tukunya da ɗan ɗakin naka in mutumin kirki ne. Kuɗin ka raba su sati-sati, na handawut da fotokwafi ka ware daban. Sannan ka duba NELFUND, bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024, babu ruwa a ciki, suna biya wa makaranta kuɗin rijista su ba ɗalibi naira dubu 20 a wata, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma bashi ne fa, ka yi shawara da mahaifinka kafin ka cike. Ka kuma tanadi bargo da rigar sanyi, hunturun Samaru ba wasa.

Na Kongo:
Injiniya ka faɗi gaskiya amma ka tsorata yaron nan da yawa haba. Ni na ga waɗanda suka tare a laburaren Kashim Ibrahim dare da rana basa magana da kowa, aka canza wurin tes basu ji ba. Malam ka shiga gurup ɗin ajinku na WhatsApp yau ɗin nan, ka san kilas ref, wato wakilin ajinku, ka san kodinetan ajinku da ofishinsa. Ka bi tutoriyal da 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai musulmi, da 'yan gaba daku suke yi, a nan za ka samu tsofaffin tambayoyi kuma a nan ake yin abokai na arziki. Turancin kuma kunne ne, zai saba. Ka daina ƙoƙarin rubuta komai, ka kama kan magana kawai, da yamma ka cike sauran daga littafin wani. Ka yi tambaya ko da turancin ya karye, rabin masu dariyar su ma basu gane ba.

Ɗan Malumfashi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Mama in sha Allah zan yi wa Baba maganar. Yaya Injiniya saura abu ɗaya, akwai tes ɗin lissafi da aka yi satin da ya wuce ina kwance da zazzaɓi ban samu yi ba, shikenan ya wuce ko akwai yadda ake yi?

Injiniya Mai Jiran Gado:
In a sikbe, asibitin makaranta, aka duba ka to ka karɓo takarda, gobe da safe ka kai wa kodineta ya faɗa maka yadda za ka tunkari malamin. Kar ka bari sai an kafe sakamako.