Bargon jiyotekstayil a magudanar bayan katanga: mai giram 150 ko 300?

Mai Gangare: Assalamu alaikum jama'a. Gidana a gindin tudu yake, ƙasar wurin yumɓu ce. Da an yi ruwa sai ya taru a bayan katanga, har danshi ya fara kwaɓe fenti ta ciki. Za mu haƙa rami mai tsawon mita 18, mu sa bututu mai huji-huji, mu cika da tsakuwa. Mai aikin ya ce sai an shimfiɗa jiyotekstayil marar saƙa tukuna, wannan mai kama da bargo. Akwai mai giram 150 a murabba'in mita, akwai mai 300. Wanne zan ɗauka? Jibi tifa za ta kawo tsakuwa.

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Zuba kankare ka yi gwata, ka huta.

Mai Gangare: Ta ƙarƙashin ƙasa ruwan yake tsattsafowa, Baban Ummi. Gwata ba za ta gan shi ba.

Dogo: Leda mai kauri fa?

Injiniya K: Leda tare ruwa take yi, shi kuwa wannan tacewa ce aikinsa. Zaren roba ne da aka caccaka da allurai har ya haɗe, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Ramin gida kamar naka, 150 ya isa. Mai 300 ana ajiye shi ne don ƙarƙashin manyan duwatsu a bakin rafi, inda ake gudun hudewa. Inda yanki biyu na bargon suka haɗu, ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla santimita 30. Hujin bututu ya kalli ƙasa, gangara kuma santimita 1 a kowace mita.

Alhaji Na Gefe: Ɗan'uwa, ni dai ji nawa. Na biya ɗan kwangila kuɗin mai kyau, na yi tafiya. Ashe bandirin nan a fili ya yar da shi, wata uku rana tana dukansa. Da suka tashi aiki kuma ba su shimfiɗa a ramin ba, bututun kaɗai suka naɗe kamar jariri, tsakuwar ma ba a wanke ba, ƙura ce fal. Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu, cikin dare muka ji ƙara, rabin katanga ta kwanta a kan motata. Da aka tone, na sa hannu na ja ƙyallen, sai ya yage kamar tsohuwar takarda. Bututun kuwa laka ta cika shi taf, sai da muka sa rodi. Na kira mutumin, wai ƙaddara ce. Har yau in na ga hadari gabana faɗuwa yake.

Maman 'Yan Biyu: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ya biya ka kuwa?

Alhaji Na Gefe: Biya? Lambarsa ma ya canza.

Injiniya K: Amin. Rana ce ta cinye ƙyallen. Ƙa'idar aikin hanya ta Amurka ma kwana 14 ta yarda a bar shi a buɗe bayan shimfiɗawa.

Baban Ummi: Kuma mai 300 ninki biyu ne a kuɗi.

Dogo: Ina! Ni na sayi mai 300 ƙasa da abin da ake sayar da 150.

Maman 'Yan Biyu: To ka auna shi? Maigidana yanka mita ɗaya faɗi da tsawo ya yi, ya ɗora a sikelin kicin. Abin da aka rubuta 200, da ƙyar ya haura 100. Ashe na hana ciyawa tsiro a lambu aka ba mu.

Dogo: Hajiya, kin sa zan je in tono nawa yanzu.

Tsohon Birkila: Yaran yanzu da boko. Shekara 30 ina magudana ba bargo ba zani. Yashi mai kaushi a gefe, ƙananan tsakuwa, sannan manya kusa da bututu. Kuma yumɓu yana liƙe wannan ƙyallen, na gani da idona.

Injiniya K: Baba, ban musa ba. Tacewa da yashi tsohuwar hanya ce mai kyau, kuma laka mai laushi takan toshe ƙyallen. Shi ya sa ake duba girman ƙofofinsa, ba nauyi kaɗai ba. Amma wane lebura ne zai jera maka hawa uku daidai a cikin rami?

Tsohon Birkila: Wanda aka tsaya a kansa. Ku a ofis kuke zane, mu muke shiga taɓo.

Dogo: Ni da sanyin bana, in ya yi saura a ba ni in lulluɓa.

Baban Ummi: Wai ma tsaya, Mai Gangare, ruwan in ya fito daga bututun ina zai tafi? Maƙwabcina haka ya yi, ya saito bakin bututunsa gindin katangata. Nasa ya bushe, nawa ɗakin gansakuka.

Alhaji Na Gefe: Irin wannan zalunci ya fi na ɗan kwangila ciwo, don kullum kuna gaisawa.

Baban Ummi: Sau uku ina tura dattawa. Wai ruwa ba na kowa ba ne.

Mai Gangare: Jama'a na gode, amma mai tifa ya kira yanzu, gobe zai zo ba jibi ba. 150 ko 300?

Dogo: Baban Ummi, toshe bakin bututun da siminti kawai, shi zai zo neman ka.