Wane fiyanon MIDI zan saya wanda zai yi aiki da tablet?

ɗan_TudunWada:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kiɗa, don Allah shawara nake nema. Ina koyon haɗa kiɗa ne a tablet ɗina, Samsung ce Galaxy Tab A, da manhajar FL Studio Mobile nake aiki wani lokacin kuma BandLab. To danna fiyano a kan gilashin nan ya ishe ni wallahi, yatsa ya zame ka taɓa wani maɓallin daban, kuma ko ka buga da ƙarfi ko a hankali kusan duk ɗaya yake fita. Na ɗan tara kuɗi ina so in sayi fiyanon MIDI, wani ya ce Akai wani ya ce M-Audio, ni kuma ba ni da laptop, tsorona kar in saya in kai gida ya ƙi aiki da tablet ɗin. Waƙoƙin biki da na soyayya irin namu nake son yi. Duk wanda ya taɓa haɗawa ya taimaka mini.

Malam_Fiyano_Kawo:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abu na farko, fiyanon MIDI ba shi da sauti nasa kuma ba shi da sifika, in ka ba shi wuta ka danna shiru za ka ji. Saƙo kawai yake aikawa, wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki, manhajar da ke tablet ɗin ce ke fitar da sautin. Na faɗi wannan ne don yara da yawa suna saye suna zaton irin Yamaha ne na sitidiyo.

Maganar wanne za ka saya kuma, ka bar batun suna tukuna ka dubi hannunka. Akai MPK Mini maɓalli 25 gare shi kuma ƙanana ne, amma yana da pad takwas na buga ganga, in kana son tsara bugun kalangu da yatsu yana da daɗi sosai. Sai dai kiɗanmu na Hausa hannu biyu yake so, hagu na riƙe da kod, wato maɓallai da yawa da ake dannawa tare, dama na bin muryar mawaƙi, to a maɓalli 25 hannuwanka za su riƙa cin karo, kana tsakiyar karin waƙa ka tsaya danna maɓallin octave don sautin ya hau sama, abin da ke kanka ya gudu. M-Audio Keystation 49 maɓallansa cikakku ne kamar na fiyanon gaske, ranar da aka zaunar da kai gaban babban fiyano a sitidiyo hannunka ba zai yi baƙunta ba. Ni in ɗana ne 49 zan saya masa ko da na hannu ne. Kuma ka duba bayansa akwai ramin feda na sustain, wanda ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, za ka buƙace shi nan gaba.

Engr_Rigasa:
Malam ya gama magana a kan fiyano, ni bari in taɓa wajen jonawa don nan mutane ke shan wahala, gyaran waya nake yi ana kawo mini irin wannan.

Android tun daga 6.0 da ya fito a 2015 yana karɓar MIDI, kuma su Akai da M-Audio ɗin nan ba sa neman direba, wato manhajar da ake sakawa don na'ura ta gane su, jonawa kawai ake yi. Abin da za ka nema shi ne OTG, wato ɗan mahaɗin da ke ba tablet damar karɓar wayar USB, wanda ya dace da bakin cajin tablet ɗinka, ka duba type C ne ko ƙaramin micro na da. Wayar fiyanon yawanci irin ta firinta ce, bakinta mai kusurwa huɗu ya shiga fiyano, ɗaya bakin ya shiga OTG. Kar ka sayi OTG mafi araha da ake zubawa a tire, wani yana motsi kaɗan ya yanke. Masu Tecno da Infinix su leƙa setin, a wasu sai ka kunna OTG da hannunka kafin ta ga komai.

Babbar matsalar wuta ce. Fiyanon daga batirin tablet yake sha, kuma ya toshe ramin caji, ga halin wutar NEPA a garin nan, kana cikin aiki batir ya yi ƙasa ba damar caji sai ka cire fiyano. Maganinsa ƙaramin hub na type C, wato mahaɗi mai ramuka da yawa, mai ramin caji a gefe, ka sa power bank a nan, amma ba kowace tablet ke yarda ta yi caji tana OTG lokaci guda ba, sai an gwada. Shi ya sa nake cewa ka ɗauki tablet ɗinka da OTG ɗinka ka tafi da su shagon, ko Ahmadu Bello Way ne ko cikin kasuwar Sheikh Gumi nan Kaduna, a jona a gabanka ka buɗe FL ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, musamman in na hannu ne don ƙurar hunturu tana kashe wasu maɓallan. Mai shagon da ya ƙi a gwada ka wuce na gaba.

Sannan kar ka yi kiɗa da iyafis na Bluetooth, za ka danna sai daga baya sautin ya iso kunnenka, ba za ka taɓa zama a kan bit ba. Mai waya za ka sa.

Zee_Barnawa:
Malam a yi haƙuri ni dai ban yarda 25 bai isa ba. Da Arturia MiniLab 3 nake aiki a iPad da GarageBand, kod daban nake ɗauka sannan in dawo in ɗora karin waƙar a kai, ai manhajar layi-layi take ɗauka ba dole sai lokaci ɗaya ba. Kuma yana shiga jakar goyo, in hau keke in je gidan ƙawata mu ɗauki murya, 49 fa sai ka nemo masa tebur da wurin ajiya. Mai tsohon iPad mai bakin caji na Lightning kuma ya sayi Camera Adapter na Apple mai ramin caji, in ba haka ba zai iya rubuto maka cewa na'urar tana jan wuta da yawa. GarageBand dai babu shi a Android ɗan uwa, kai FL ɗinka ya ishe ka, ko Cubasis 3 in ka samu kuɗinsa.

Malam_Fiyano_Kawo:
Gaskiyarki 'yata, aiki zai fita a 25. Ni koyon hannu nake duba masa, tunda ya ce kiɗan biki yake so, wata rana a gaban jama'a zai buga ba a ɗaki ba. Af, ƙanina, kafin ka kashe kuɗinka, in akwai mai Yamaha PSR kusa da kai ka leƙa bayansa, in ka ga rami an rubuta USB TO HOST to shi ma yana aikin MIDI da wannan wayar firintar.

ɗan_TudunWada:
Allah Ya saka da alheri gaba ɗaya. Yayana yana da PSR-E373 a ɗakinsa, yanzu na duba kuma ramin yana nan, maɓalli 61 ne ma. Gobe in sha Allah zan sayo OTG type C in gwada da shi tukuna. Oga Engr, in na jona sautin Yamaha ɗin da na FL ba za su haɗu su cakuɗe ba?

Engr_Rigasa:
Za su fito tare. Ka shiga Function na Yamaha ɗin ka nemo Local ka mayar da shi Off, sai ya daina fitar da nasa sautin ya bar na tablet kaɗai. In ka ji sautin yana makara ko da iyafis mai waya, ka rufe sauran manhajojin da ke buɗe, ka rage yawan kayan kiɗan da ka ɗora a waƙar, sannan ka faɗo mana nan yadda ya yi.