Ciwon fatar Hajiyarmu zai sa korona ta fi saurin kama ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata, ta manyanta, a Daura muke. Ta daɗe da ciwon fata, irin mai ɓawo fari-fari a gwiwar hannu da ƙafa da cikin gashi, wanda likita ya kira soriyasis. In hunturu ya shigo har tsagewa yake yana jini. Tana da ciwon suga kuma. Tun da aka rufe Daura a Afrilun 2020 tsoron korona bai bar ranta ba, yanzu ga mura da tari sun cika gari. Wata maƙwabciya ta ce mata cutar na shiga ta tsagewar fata, kuma wai ƙwayar prednisolone da take saye a kemis tana sha kullum tana kashe garkuwar jiki. Shi ne ta ce daga yau ta bar sha. Ya zan yi da ita?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki samo man kaɗanya mai kyau ko basilin, a riƙa shafa mata da ta fito wanka, tun jikin da sauran danshi. Ta rage ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙamshi.

Wata ma'aikaciyar jinya, Katsina: Ƙanwata, don Allah kada ta yanke ƙwayar nan lokaci guda. Wanda ya yi watanni yana shan prednisolone, jikinshi ya rage yin nashi sinadarin mai aiki irin na ƙwayar, in aka tsaya kwatsam jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita har a kwantar da shi. Ga mai soriyasis kuma ciwon kan dawo ya fi da muni. Likita ne ke rage ta a hankali.

Maƙwabciyar taku rabin gaskiya ta faɗa. Korona ta hanci da baki da ido take shiga, daga numfashi da tarin mai ɗauke da ita, ba ta fata ba. Abin da tsagewar fata ke jawowa shi ne ƙwayoyin cuta masu sa gyambo da ruwa, wannan daban ne. Amma zancen garkuwa haka yake, shan irin wannan ƙwaya na tsawon lokaci yana raunana ta, kuma yana hawar da suga. Ni abin da ya fi tayar mani da hankali a bayaninki shi ne shekarunta da sugan, don su ne aka sani suna sa korona ta yi wa mutum tsanani. Sannan wa ya rubuta mata ƙwayar prednisolone tun farko? Likitocin fata ba su cika ba mai soriyasis ita ba. Ki kwashi duk abin da take sha da wanda take shafawa, har kwalayen, ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko ku fara da babban asibitin Daura su tura ku.

Baban Ummi: Wai har yanzu akwai koronar ma? Ni na ɗauka an gama.

Ma'aikaciyar jinyar: Malam, a Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga matakin gaggawa, ba ta ce cutar ta ɓace ba. Tana nan tana yawo cikin mura.

Anti Bilki: Ni hannuwana ne suka ci wuya lokacin korona, sanitaiza ta mai da su kamar bayan kada. Hajiya ta riƙa wanke hannu da ruwa da sabulu marar ƙarfi, ta bi da mai. Jikoki masu majina kuma a ɗan janye su daga ɗakinta, duk da na san Hajiya ba za ta yarda ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta mata, ta amince ta ci gaba da sha har mu ga likita ranar Litinin. To rigakafin korona fa, Anti ma'aikaciyar jinya? Ba ta taɓa yi ba.

Ma'aikaciyar jinyar: Ciwon fata ba ya hana shi, kuma alluran korona da aka kawo Najeriya babu mai ɗauke da ƙwayar cutar da rai. Ki tambayi likitan ranar. In kafin nan ta fara zazzaɓi ko numfashi na yi mata wuya, kada ku jira Litinin.